Sojan Tilas da Matar Ɓatacce: Daga Karkarar Kano Zuwa Bama da Jawa

A cikin tarihin mulkin mallaka akwai wasu matattu waɗanda ba a cika sanin gurbin da ya dace da su ba. Su ne samarin da aka ɗiba daga gonakin iyayensu, aka sa musu kaki, suka mutu a yaƙin da ba su suka ƙulla shi ba. Masu rubuta tarihin gwagwarmaya sukan tsallake su domin sun mutu a ƙarƙashin tutar mai mallaka, shi kuma mai mallakar yakan ambace su a jimlace, a matsayin adadi. Wannan maƙala ta duba yadda lamarin ya shafi karkarar arewacin Kano, ta gwama shi da abin da ya sami samarin ƙasar Holan a Indonesiya tsakanin 1945 da 1949, sannan ta bi mas'alolin fiƙihun da mutuwar irin waɗannan sojoji ta bar wa alƙalai da malaman ƙauye.

Ƙasar da aka ɗiba daga cikinta

Yankin da ya kewaye birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Gona a nan ba ta hutawa. Ana noma ta kowace damina, kuma abin da ke riƙe da ƙarfinta shi ne takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa da rani. Irin wannan noma hannu yake ci. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya suna bukatar noman farko da maimai a kan kari, kuma tsarin gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke aiki tare su ci daga rumbu ɗaya, an gina shi ne a kan ƙarfin samari. Gidan da aka cire masa saurayi ɗaya a farkon damina ya rasa fartanya ɗaya, alhali harajin da ke kansa bai ragu ba.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar majiyarta ta kuza da roba, kuma hanyoyin man girki na gabas suka toshe. Sai nauyin ya dawo kan Nijeriya. Aka matsa wa manoman Kano su ƙara gyaɗa, aka kuma kafa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944, wanda talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna, inda aka kwashi mutane kusan dubu ɗari daga lardunan Arewa, da yawa suka mutu saboda sanyi da ƙarancin abinci da cuta. A daidai lokacin ne kuma aka yi yunwar da ake kira 'Yar Gusau. Cikin wannan hali ake neman soja.

A takarda, shiga soja a Nijeriya sa-kai ne. Amma masana tarihin sojan mulkin mallaka, irin su David Killingray, sun nuna yadda sa-kan yake a aikace. Gwamna ya faɗa wa Razdan adadin da ake so, Razdan ya kai wa Sarki, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya sauke wa dagatai da masu unguwanni. Mai unguwa kuwa ba ɗansa zai miƙa ba, ba kuma ɗan attajirin garin ba. Wanda rabon ke faɗawa kansa shi ne maraya, da baƙo, da wanda bai biya haraji ba, da wanda ake ganin ya fitini gari. Gaskiya ne akwai waɗanda suka kai kansu, wasu don albashi da tufa da abinci a shekarar yunwa, wasu don gudun bashi ko wata rigimar gida, wasu kuwa don ƙuruciya kawai. Sai dai mutumin da yunwa ta kora bariki, kiransa ɗan sa-kai yana bukatar a yi wa kalmar sassauci mai yawa.

Daga Satiru zuwa Arakan

Tun kafin yaƙin duniya, da hannun 'yan ƙasa aka ci ƙasar. Rundunar da Glover ya kafa a Ikko a 1863 akasarinta bayi ne Hausawa da suka gudu daga iyayengijinsu. Sojojin da Kanar Morland ya shiga Kano da su ranar 3 ga Fabrairu 1903 baƙaƙen fata ne fiye da 700, Turawan da ke kansu ba su wuce 'yan gomiya ba. A Satiru, ranar 14 ga Fabrairu 1906, talakawa da fartanyu da gatura suka kashe Turawa uku da sojoji 25. Sunayen Turawan, Hillary da Scott da Blackwood, suna cikin kowane littafi da ya kawo labarin. Sojojin 25 kuwa adadi ne kurum. Da aka koma ramuwa ranar 10 ga Maris, aka kashe mutanen Satiru kimanin dubu biyu, 'yan'uwan waɗancan sojoji ne suka riƙe bindigogin. A farkon 1917, lokacin da Kawsan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas, an tura sojoji daga Kano su bi hanyar arewa don taimakon Faransa a kan Musulmin da suka tashi neman korar ta. A shekarar nan ce kuma birged ta Nijeriya ta yi mummunar asara a Mahiwa, a Afirka ta Gabas, wajen yaƙi da Jamus.

A yaƙin duniya na biyu Nijeriya ta ba da soja fiye da dubu ɗari. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya ta teku, daga nan sai Bama. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, bataliyoyi uku na Nijeriya suka shiga cikin mayaƙan Chindit a bayan layin Japan, runduna ta 82 kuma ta bi gaɓar Arakan, aka ci Myohaung a Janairu 1945. Abin da ya sa hafsoshin Ingila suka so waɗannan rundunoni shi ne 'yan dako: dubban mutane marasa makami da ke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Ɗan Ɗambatta da ya saba da rairayi da hunturu ya sami kansa cikin ruwan da ke zuba wata da watanni, ga matsattsaku, ga zazzaɓi, ga atuni. Ba harsashi kaɗai ke kisa a can ba.

Sunayen wuraren da suka mutu suna nan a Nijeriya, amma a jikin bariki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Dodan da Arakan a Ikko. Sunayen mutanen kuwa, wasu suna maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, inda aka rubuta kusan mutum dubu 27 na dukkan rundunonin Ingila waɗanda ba a san kaburburansu ba. Ko a can ma, al'adar bariki ta haɗa sunan yanka da sunan babban gari ta shafe asali. Wanda aka rubuta wane Kano yana iya zama ɗan Makoɗa ko Kunci ko Tsanyawa, yana ma iya zama Bazabarme da ya zo cin rani aka ɗauke shi a Kano. Ba sunan uba, ba na ƙauye.

Samarin Holan a Jawa

Ranar 17 ga Agusta 1945 Sukarno da Hatta suka yi shelar 'yancin Indonesiya. Holan, wadda watanni uku kacal da suka wuce ta fita daga mamayar Jamus, ta ƙi yarda. Kafin ta iya tara soja, Ingila ce ta riƙe mata wurin, kuma janar ɗin da aka tura Jakarta a ƙarshen Satumba shi ne Philip Christison, wato mutumin da rundunonin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa a Arakan. Ranar 22 ga Oktoba malaman Nahdatul Ulama, ƙarƙashin Shaihu Hashim Ash'ari, suka fitar da matsayar jihadi a Surabaya: kare ƙasa daga dawowar mai mallaka farilla ce a kan kowane Musulmi da ke cikin tazarar ƙasaru, wadda suka ƙiyasta da kilomita 94, kuma farillar kifaya ce a kan na nesa. Ranar 10 ga Nuwamba aka gwabza a Surabaya. Sojojin Indiya ne a gaba, cikinsu har da runduna ta 5 wadda ta yi Arakan, kuma ɗaruruwan Musulmi daga cikin sojojin Indiya sun sauya sheƙa zuwa ɓangaren Indonesiya a tsawon wannan zama. Sojojin Nijeriya ba a kai su Jawa ba, an mayar da su gida a 1945 da 1946. Da an kai su, da saurayin karkarar Kano ya tsaya da bindiga a gaban mutanen da ke kabbara, fatawar malamansu na kansa.

Daga 1946 Holan ta fara tura 'ya'yanta na tilas. Tsarin mulkinta ya hana a kai sojan tilas ƙetare ba da yardarsa ba, sai aka gyara wannan sashe. Ma'aikata sun yi yajin aiki a Amsterdam a Satumba 1946 don nuna ƙin tafiyar rukunin farko, dubban samari suka ƙi amsa kira, aka ɗaure da yawa. Duk da haka an tura kusan dubu ɗari, galibinsu 'yan shekara ashirin, 'ya'yan manoma da leburori, aka ce musu za su je maido da doka da oda. Gwamnati ba ta ma kira abin yaƙi ba. Manyan hare-haren Yuli 1947 da Disamba 1948 ta sa musu suna matakan 'yan sanda. Kafin a miƙa mulki ranar 27 ga Disamba 1949, sojojin ɓangaren Holan fiye da dubu biyar sun mutu, kaso mai yawa ta hanyar cuta da haɗari. 'Yan Indonesiya da suka mutu an ƙiyasta su da kimanin dubu ɗari.

Tilascin bai wanke hannun kowa ba. Ranar 9 ga Disamba 1947 sojojin Holan suka karkashe mazan ƙauyen Rawagede, waɗanda mutanen wurin suka lissafa 431. A 2020 Sarkin Holan ya nemi gafara a Indonesiya, a 2022 kuma Firayim Minista Rutte ya maimaita bayan binciken da cibiyoyi uku suka yi ya tabbatar da cewa wuce gona da iri tsari ne, ba kuskuren ɗaiɗaiku ba. Amma Holan ba ta yar da matattunta saboda yaƙin ya zama abin kunya ba. Tana kula da maƙabartu bakwai a Jawa, kuma a garin Roermond akwai wurin tunawa da aka buɗe a 1988, ɗauke da sunaye fiye da dubu shida, kowa da nasa. Ta yi tir da yaƙin, ta riƙe sunayen. Iyalan sojojin Bama a karkarar Kano ba su sami ko ɗaya daga biyun ba.

Akwai ma wata tsohuwar igiya da ta haɗa wuraren biyu. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi soja kimanin dubu uku daga Elmina zuwa Indonesiya, musamman bayan yarjejeniyar 1837 da Sarkin Asante Kwaku Dua. Da yawansu bayi ne da aka kawo daga ƙasashen arewa, aka fanshe su da kuɗin da za a riƙa cirewa daga albashinsu. An yi amfani da su a yaƙe-yaƙen Sumatara, har da na Aceh wanda ya fara a 1873.

Abin da fiƙihu ya ce game da shi

Malaman Sakkwato ba su jira Bama ba kafin su fuskanci tambayar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Bayanu Wujubil Hijra, ya tsananta a kan jiɓintar kafirai da taimakonsu a kan Musulmi, bisa tafarkin da Wansharisi ya bi game da Musulmin Andalus. Da Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi a Yulin shekarar, Waziri Buhari kuwa ya zauna, ya rubuta wasiƙarsa ga ma'abota ilimi yana kafa hujja da halaccin sassautawa da harshe a lokacin tsoro matuƙar zuciya ba ta miƙa wuya ba. Wannan rangwame ne sarautun Arewa suka rayu a kansa shekara hamsin da bakwai. Sai dai rangwamen na harshe ne. Ba a faɗaɗa shi zuwa ɗaukar makami ba.

Asalin hukuncin tilasci yana cikin aya ta 106 ta Suratun Nahli, wadda ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta wa furta kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani. Amma Ƙurɗubi ya kawo ijma'in malamai a kan cewa wanda aka tilasta wa kashe wani ba ya halatta ya kashe shi don ya tsira, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. Ta wannan ma'auni, sojan da ya yi harbi a Satiru ko Haɗejiya a 1906 ba shi da mafaka a cikin tilasci, kamar yadda ɗan Holan da ya yi harbi a Rawagede ba shi da ita. Sirar Badar ta ƙara haske. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa wasu daga Banu Hashim an fito da su ne ba da sonsu ba, ya hana a kashe su. Duk da haka da aka kama Abbas sai da ya fanshi kansa, domin hukuncin duniya yana bin zahiri. Hadisin Nana A'isha game da rundunar da za a kife da ita a hanyarta ta zuwa Ka'aba ya cike ɗaya gefen: halaka ta game kowa, sannan a tashi kowa bisa niyyarsa.

Sojan Bama ya bambanta da na Satiru. Abokin gabarsa ba Musulmi ba ne, ba kuma mai kare ƙasarsa ba ne, wata daula ce mai mamaya. A Arakan ma Musulmin yankin sun fi karkata ga ɓangaren Ingila, kuma sanannen labari ne yadda wani manomi Musulmi ya ɓoye sojan Nijeriya Isaac Fadoyebo da abokinsa ɗan Saliyo wata tara bayan an raunata su a 1944. To amma rashin laifi abu ne daban, shahada abu ne daban. Hadisin Abu Musa ya ɗaure shahadar fagen fama da yaƙi don ɗaukaka kalmar Allah, kuma ba wanda zai ce don haka aka je Kaladan. Abin da ya rage wa mafi yawansu shi ne ƙofar da hadisin Muwaɗɗa ya buɗe ga wanda ciwon ciki ya kashe da wanda ruwa ya ci. Abin lura ne cewa ɗan dakon da atuni ya kashe a gefen hanya ya fi kusa da wannan bushara fiye da wanda ya faɗi yana harbi.

Abin da fiƙihu ya ce game da matarsa

A nan ne mas'alar ta sauko daga littafi zuwa zaure. Idan labarin mutuwa ya tabbata, hanya a buɗe take: takaba wata huɗu da kwana goma, sannan rabon gado. Ko a nan akwai ƙaiƙayi, domin labarin yakan zo ne a takardar hukumar soja ta hannun Di'o, kuma alƙalin da ya karanta Tuhfa ya san sharuɗɗan shaida. Dawowar abokan bariki Musulmi waɗanda suka ga gawa ko suka binne ta ita ce ta fi kwantar da rai, sai kuma shaidar ji, wadda mazhabar Malikiyya ta karɓa a babin mutuwa. Sallar gawa kuwa babu, tunda a mashhurin mazhaba ba a sallatar wanda ba ya nan, an ɗauki sallar Najjashi a matsayin keɓantacciya. Iyali sai dai su yi zaman makoki da sadaka ba tare da sun ga makara ba.

Wanda aka ce ya ɓata shi ne babbar matsala. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ba matar ɓatacce shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara aka gama bincike, sannan ta yi idda irin ta mutuwa. Mukhtasar na Halil ya rarrabe. Shekara huɗun na wanda ya ɓata a ƙasar Musulmi ne. Wanda ya ɓata a ƙasar shirka, da fursunan yaƙi, matarsa na jira har ya kai shekarun da tsaransa ba sa wucewa, wato saba'in a zance mafi shahara, muddin akwai abin ciyar da ita. Wanda ya ɓata a faɗa tsakanin Musulmi, ana idda bayan rundunoni sun rabu. Wanda ya ɓata a yaƙin Musulmi da kafirai, shekara ɗaya bayan bincike.

A wane gida za a sa ɗan Minjibir da ya ɓata a dajin Bama? Bai ɓata a ƙasar Musulmi ba. Yaƙin ba tsakanin Musulmi ba ne, ba kuma tsakanin Musulmi da kafirai ba, tsakanin dauloli biyu ne waɗanda ba ɗayarsu Musulma. Zahirin lafazi yana tura shi babin ƙasar shirka, wanda ke nufin yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta jira shekara hamsin. Illar hukuncin kuwa, wato rinjayen zaton mutuwa ga wanda aka gani a sahu sannan ba a sake ganinsa ba, tana tura shi babin shekara ɗaya, kuma wannan ƙiyasi shi ya fi ƙarfi. Mazhabar ta kuma bar wata ƙofa wadda ba ta bukatar a yanke hukuncin mutuwa: saki saboda rashin ciyarwa ko saboda cutuwa da doguwar rashin miji. Wannan ta fi sauƙi ga alƙali, amma tana da tsada ga matar, domin wadda aka saka ta wannan hanya, idan iddarta ta ƙare, ba ta cikin magada.

Dukiyar ɓatacce kuwa, a asalin ƙa'ida, ba a raba ta sai an hukunta mutuwarsa. A ƙasar da fili ke da yalwa wannan ba ya damun kowa. A kewayen Kano, inda ake auna gadon gona da taki da igiya, kason wanda ya tafi Bama yana nan a tsakiyar gonar gandu, ba a sayarwa, ba a rabawa. Idan uban ya rasu a 1947, dole a ajiye wa ɓataccen rabonsa, ƙannensa su riƙa nomawa a matsayin amana. Idan an bi lissafin shekara saba'in, saurayin da aka haifa a 1922 aka ɗauka a 1942, ba za a raba abin da ya bari ba sai 1992.